Hadari ya wuce, haɗari na nan: tambayoyi da amsoshi kan dawowar wuta bayan guguwa a Arewacin Kamaru

Ni mai aikin wayarin gidaje ne a Garwa, ba ma'aikacin kamfanin wuta ba. Duk shekara, daga Afrilu zuwa Yuni, idan hadarin farko ya yaye rufi ya karya turakun wuta, tambayoyin da ake yi mini a rumfa da ta waya kusan iri ɗaya ne. Su na tattara a nan. Wanda waya ta faɗo masa a ƙofar gida yanzu haka, ya tsallake zuwa tambaya ta 5.

1. Wannan iskar da ke kwashe mana kwano, ita ce mahaukaciyar guguwar da muke ji a rediyo tana cin Amurka?

Ba ita ba ce. Waccan a teku ake haihuwarta, inda ɗumin ruwa ya kai wajen maki 26, kuma ba ta samun wannan suna sai gudun iskarta ya kai kilomita 119 a awa. Takan yini tana dukan gari guda. Irinta ce Katrina da ta nutsar da New Orleans a 2005, da Maria da ta jefa tsibirin Puerto Rico gaba ɗaya cikin duhu a 2017, da Idai da ta ragargaza Beira ta Mozambik a 2019. Tamu kuwa daga gabas take tasowa, ƙura a gaba, ruwa a baya, cikin rabin awa ta yi abin da za ta yi ta wuce.

Amma akwai zumunci a tsakani. Da yawa daga manyan guguwowin Tekun Atlantika, asalinsu jerin hadarin da ke ratsa Chadi da Nijar da Mali ne, ya faɗa teku ta wajen Senegal, ya yi ƙarfi a can. Ɓarnar da suke wa wayoyin wuta kuma iri ɗaya ce, girma ne ya bambanta.

2. Me ya sa ake ɗauke wuta tun ruwa bai sauko ba?

Mafi yawan lokaci ba wanda ya ɗauke ta. Iska ce ta kaɗa reshen dogonyaro ko maɗaci ya taɓa waya, ko ta haɗa wayoyi biyu, sai na'urar kariya da ke tashar rarrabawa ta yanke layin da kanta. Da ba ta yi haka ba, da taransifoma ta ƙone. Kada a haɗa wannan da rabon wuta da muka saba sha a lokacin zafi. Shi wancan ƙarancin ruwa ne a madatsar Lagdo da ke ba mu wuta, yana da lokacin tafiya da na dawowa. Na guguwa ba ya dawowa sai an je an gyara.

3. Unguwar asibiti ta samu wuta tun jiya, mu har yanzu duhu. Ba son kai ba ne?

Sai an san ta inda wutar ke biyowa za a gane. Jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, kusan duk a kan madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai suka rataya. An gama ta a 1982 da taimakon ƙasar Sin, tana da injina huɗu, ƙarfinsu duka megawat 72. Akwai tashoshi masu shan mai, akwai kuma na hasken rana a Marwa da Gidar da aka ƙara a 'yan shekarun nan, amma Lagdo ce uwa. Daga can manyan layuka ke kai wuta Garwa da Ngaundare, daga Garwa kuma ta miƙe Marwa. Waɗannan manyan layuka a hannun kamfanin Sonatrel suke, na cikin gari kuwa a hannun kamfanin rarraba wuta, wanda muka sani da Eneo.

To gyara ma haka yake bi, daga babba zuwa ƙarami. A fara da babban layi da tashar rarrabawa, sai layukan volt 15,000 ko 30,000 da ke ratsa unguwanni, musamman waɗanda ke kai wa asibiti da injinan turo ruwa, sai taransifomar unguwa, a ƙarshe wayar da ta shigo gidanka. Ko an ɗaura maka taka yau, in layin da ke ciyar da taransifomarku na kwance a ƙasa, ba abin da za ka gani. Wanda gidansa ke kan layi ɗaya da asibiti sa'a kawai ya taka. Ban ce ba a taɓa yin alfarma a wannan harka ba, ɗan Adam ne ke aikin. Amma a ƙasashen da ake ganin sun ci gaba ma wannan tsarin ake bi.

4. Maƙwabcina da muka haɗa katanga yana da wuta, ni babu. Yaya haka?

Wayoyin da ke fitowa daga taransifoma guda huɗu ne: uku masu wuta, ta huɗu ita ce nutural, wadda wutar ke komawa ta cikinta. Ana raba gidaje a kan ukun nan. In fis ɗin ɗaya ya ƙone, kashi ɗaya cikin uku na layinku ne zai yi duhu. Ka leƙa gida na uku da na huɗu: idan akwai wasu irinka, matsalar a taransifoma take. Idan kai kaɗai ne, ka duba makashin da ke jikin mita, wato abin da ke yanke wutar gidan duka, ko ya faɗi, sannan ka ɗaga kai ka bi wayarka da ido har zuwa turke. Da ido na ce. Abin da ke gaban mita zuwa turke aikin kamfani ne, daga mita zuwa cikin gida ne namu.

5. Waya ta faɗo a ƙofar gidanmu, amma tun da daddare babu wuta. Zan iya janye ta gefe?

Kada ka taɓa ta, ko da sanda, ko da takalmin roba a ƙafarka. Rashin wuta a ɗakinka ba ya nuna wayar ta mutu. Wata na ɗauke da wuta ba ƙara ba tartsatsi. Wata ta mutu da gaske, amma masu gyara na iya gwada layin a kowane lokaci, ko janaretan wani ya turo mata wuta ta baya, kamar yadda na yi bayani a tambaya ta 9. Ka ja baya kamar taku goma sha biyu zuwa sha biyar, wato wajen mita 10, ka sa babban mutum ya tsaya yana kore yara da dabbobi da 'yan babur. Abin da wayar ta taɓa ma ya zama ita: kwanon da ta hau, ƙofar ƙarfe, reshen bishiya, kwatamin ruwa.

Idan babbar waya ce, ƙasar da ke kewaye da ita ma na ɗauke da wuta, tana raguwa da nisa. Wanda ya yi dogon taku, wutar na iya shiga ta ƙafa ɗaya ta fita ta ɗayar. Shi ya sa shanu da jakuna suka fi mutuwa a irin wannan, ƙafafunsu na nesa da juna. In ka tsinci kanka kusa, ka haɗe ƙafafu ka riƙa jansu a ƙasa kaɗan-kaɗan har ka fita. Idan a mota kake waya ta faɗo mata, zauna ciki ka yi kira. Sai in ta kama da wuta ne za ka yi tsalle da ƙafa biyu a haɗe, ba tare da ka dafa motar ba lokacin da kake dira.

Lambar 'yan kwana-kwana a Kamaru 118 ce, ta Eneo kuma 8010.

6. Wuta ta kama wani yana maƙale. Me zan yi?

Abin da zuciya ke cewa shi ne a fizgo shi, kuma ta haka gida ɗaya ke yin gawa biyu. In a cikin gida ne, ruga ka kashe makashin mita. In ba hali, ka tsaya a busasshen wuri ka ture shi da busasshen katako, kamar taɓarya ko benci. Wannan dabarar ta wutar gida ce kawai, mai volt 220. A kan babbar wayar titi katako ba ya kare kowa, sai an yanke layin.

Da ya rabu da wutar, duba numfashinsa. In babu, kwantar da shi rigingine, ka ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji kana dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya zo. Kada a ɗura masa madara ko ruwa yana sume, kada a binne shi da ƙasa wai ta zuƙe wutar. Ko ya miƙe ya ce garau yake, a kai shi asibiti, domin bugun zuciya kan rikice daga baya.

7. Kwana nawa za mu yi a duhu?

Ya danganta da abin da ya lalace. Fis ko reshe a kan waya aikin 'yan awanni ne. Karyayyen turke kwana ɗaya zuwa 'yan kwanaki, don sai an kawo wani an haƙa an kafa. Turakun katako, poto kamar yadda muke cewa, gara kan cinye gindinsu, sai ɗaya ya faɗi ya ja biyar. Taransifomar da ta ƙone ta fi ciwo, musamman in ba wata a ajiye kusa. Ƙauyuka kuma su ne 'yan baya, ga nisa, ga mayo, wato rafi, da ke cikowa ya raba hanya. Mutanen Marwa ba su manta yadda zirga-zirga ta koma ba da gadar Palar ta karye a 2020. A Puerto Rico da na ambata, akwai gidajen da suka yi kusan wata 11 kafin wuta ta dawo.

8. Mun kira mun kira, ba wanda ya zo. Ta yaya ake kai rahoton da za a saurara?

"Babu wuta a unguwarmu" ba rahoto ba ne, rabin gari haka yake faɗa. Ka ba da lambar da ke kan takardar kuɗin wutarka, sunan unguwa, alamar da kowa ya sani kamar masallaci ko makaranta, da ainihin abin da ka gani: turke biyu a ƙasa, waya a kan titi, mai na zuba daga taransifoma. Idan akwai waya a ƙasa, da ita za ka fara magana. Ɗauki hoto daga nesa. Kuma ya fi kyau mai unguwa ko lawan ya tura mutum biyu ofishin da takarda ɗaya mai sunayen gidaje, da a ce mutum hamsin na kira kowa da labarinsa.

Sai batun yaran unguwa masu cewa a ba su na goro su hau su haɗa. Na san wahalar duhu, amma ban taɓa ba kowa shawarar haka ba. Shi mai hawan bai san lokacin da za a saki layi ba, haɗin da ya yi a gaggauce kuma shi ke jawo abin da ke tambaya ta 10.

9. Ina da janareta. Ba sai in soka shi a soket ɗin bango ya haska gidan duka ba?

Wannan ita ce ɗabi'ar da na fi tsoro. Idan ka soka gurup, wato janaretan, a bango ba ka raba gidanka da layin gari ba, wutarka na fita ta mita ta hau turke. In ta isa taransifoma, aikin taransifoma juyawa yake yi: volt 220 naka ya koma dubbai a kan wayar da ma'aikaci ya riƙe yana zaton matacciya ce. Kuma ranar da wutar gari ta dawo ta haɗu da taka, janaretan ne zai fara ƙonewa. A sa makunnin sauya layi, wanda ba ya barin wuta biyu su haɗu. Kafin ka samu hali, ja waya daga janareta kai tsaye zuwa abin da kake son kunnawa.

Na biyu hayaƙi. A cikinsa akwai iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa. Saboda ruwa da tsoron ɓarayi mutane kan shigar da inji zaure, ko shago, ko bayan tagar ɗakin yara. A ajiye shi a fili, kamar mita 6 daga ƙofa da taga, a yi masa 'yar rumfa buɗaɗɗiya. In mutum biyu ko uku a gida suka kama ciwon kai lokaci guda inji na aiki, a kashe shi, kowa ya fito waje, a tafi asibiti. Gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake yi. Kada kuma a zuba fetur inji na da zafi.

10. Wuta ta dawo, wasu ƙwayaye na haske kamar rana, wasu kamar aci-bal-bal. Lafiya?

Ba lafiya ba. Kashe makashin mita nan take. Alamar nutural ta tsinke ko ta saki a wani wuri ke nan. Idan haka ta faru, wutar ba ta rabuwa daidai tsakanin gidaje: wani ya samu ƙasa da kima, wani ta haura masa har kusa da volt 380. Cikin minti biyu talabijin da firji da caja sun tafi. Na taɓa shiga wani layi bayan iska na tarar gida bakwai a jere kowa na fito da kayan da ke warin ƙuna, duk saboda ƙulli ɗaya da ya kwance a kan turke.

Don haka tun ana duhu a zare komai daga soket, a bar ƙwai ɗaya a kunne ya zama ɗan aike. In ta dawo, a ba ta minti goma zuwa sha biyar, don sau da yawa gwaji ake yi, za ta tafi ta dawo. In ta zauna, a mayar da kaya ɗaya bayan ɗaya, firji a ƙarshe.

11. Ruwa ya shiga gida har ya haura soket. Ya janye yanzu, in kunna?

Tukuna. In ruwa na tsaye a ɗaki, kada ka shiga ciki don kai hannu ga makashi, sai dai in yana wurin da za ka isa a bushe. Bayan ya janye, laka da danshi na nan cikin bututun waya da bayan soket. A buɗe su, a wanke, su bushe sarai, mai aikin wuta ya gwada layi-layi. Mitar da ta nutse kuwa a sanar da kamfani, kada a ɓalle hatiminta. Wannan ya fi shafar mutanen bakin Logon da Shari, Yagwa da Kuseri da Njamena, da suka ga ambaliyar 2022 da ta 2024. Katangar ƙasa da ta sha ruwa ma a kiyaye ta, takan faɗi bayan kwana biyu ko uku, rana tsaka, ba iska ba ruwa.

12. Naman da ke cikin firji fa? Da maganin mai ciwon suga?

Firjin da ba a buɗewa na riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cike taf kan kai awa 48, mai rabi awa 24, a zafin Garwa kuma ka rage wani abu a lissafin. Uwargida kada ta jira ya narke: tun ranar farko a soya, a yi kilishi ko a banɗare kifin. Abin da ya yini da ɗumi, miya ko kindirmo ko ɗanyen nama, a zubar, ko da bai yi wari ba. Allurar insulin kuwa a sa ta a kwalba mai murfi a ajiye cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, a inuwa, kada ta taɓa ƙanƙara, sannan a nuna wa ma'aikacin asibiti.

13. Famfo ma ya ɗauke. Me ya haɗa shi da wuta?

Injinan kamfanin ruwa na Camwater da na rijiyoyin burtsatse da wuta suke turo ruwa. Nan ne haɗari na biyu ke shigowa, domin mutane kan koma rijiyar da ruwan sama ya kwaso mata kayan masai. Wanda ya ga kwalarar 2010 a Arewa Mai Nisa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. A tace ruwa da tsumma mai tsabta, a tafasa shi har ya yi minti ɗaya yana zaɓalɓala, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa a jira minti 30. Farkon ruwan da famfo ya kawo bayan yankewa a bar shi ya zuba har ya washe. In gudawa ta kama wani, a dama ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ya riƙa sha a kan hanyar asibiti.

14. Iska ta jefo farantin solana ƙasa, ya tsage. Yana da sauran haɗari?

Yana da shi. Muddin rana na dukansa yana haifar da wuta, tsagagge ko lafiyayye, in kuma an jera su da yawa wutar ta isa ta kashe mutum. A rufe fuskarsa da bargo ko kwali, a kashe inbata, wato na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, a cire batir, sannan a taɓa wayoyi. Batirin da ya nutse ko ya kumbura a fitar da shi waje nesa da ɗaki.

15. Kayana sun ƙone da wuta ta dawo. Akwai diyya?

Ana iya nema, amma da hujja. Kada ka jefar da kayan, kada ka kai wa mai gyara ya farke su. Ɗauki hoto, rubuta rana da lokaci, haɗa da takardar kuɗin wutarka ta ƙarshe da rasiɗin kayan in akwai, ka kai takardar koke ofishin kamfani da wuri, a buga maka hatimi a kan kwafinka. Maƙwabtan da abin ya shafa su shigar tare. In ba a daidaita ba, akwai Arsel, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta, tana sasanta irin wannan. Ka sani dai za a iya ce maka iska daga Allah take. Wanda kuma ya jawo wuta ta bayan mita, ko daga gidan maƙwabci, ba shi da bakin magana.

16. Za mu mayar da rufi. Yaya za a yi kada baɗi a maimaita?

Je ka duba rufin da ya tashi. Sau da yawa za ka tarar kwanon na nan manne da katakonsa, duka suka tashi tare, wato ƙusa ba ta yi laifi ba, ɗaurin katako da bango ne babu. Iska tsotsar rufi take yi ta sama, in ta samu ƙofa ko taga a buɗe kuma ta tura ta ƙasa. A ɗaure kowane katako da rodi ko waya mai kauri da aka binne cikin ginin, a ƙara ƙusa a baki-baki da kusurwoyi inda iska ke fara kamawa, kada a bar leɓen kwano ya zarce bango da yawa. Duwatsu da bulo da muke jerawa a sama suna taimako a ƙaramar iska, a babba kuwa su ne ke faɗowa kan mutane.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gara a yi gayya a fara da gidan tsofaffi da na marayu. Kafin kowa ya hau, a kalli sama: falle ɗaya na kwano mai tsawon mita 3 a hannun mutum biyu ya isa ya taɓa wayar da ke wucewa ta kan gida. Rassan da suka kusanci wayar gidanku a sare su a watan Maris, kafin hadarin farko. Waɗanda suka shiga cikin babbar wayar titi kuwa a rubuta su cikin takardar mai unguwa da na ambata a tambaya ta 8, a bar wa masu kayan aiki.